YADDA A KE KOYON AIKIN JINYA A KWALEJIN GARI A ƘASAR AMURKA

Na san waɗansunku daga gona su ke, waɗansu daga kasuwa. Ku gyara zama, ba zan tsare ku da yawa ba.

Bari in fara da tambaya. Wa ya taɓa kwana a asibiti cikinku, ko shi ne ba shi da lafiya, ko kuwa yana jinyar wani nasa? To, wanda ya taɓa kwana ya san abin da zan faɗa. Likita ya kan zo da safe, ya duba, ya rubuta magani, ya wuce. Amma da tsakar dare, sa'ad da zazzaɓi ya hau, numfashi ya sarƙe, wa a ke kira? Nas a ke kira. Ita ke ba da magani a kan lokaci. Ita ke yin allura, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta wanke gyambo. Ita ke fara gani in ciwo ya juya. In ta san aikinta, sau da yawa majiyyaci ya kan kai safe. In ba ta sani ba, sai a wayi gari ana gaisuwar mutuwa.

Saboda haka kowace ƙasa tana da damuwa ɗaya: yaya za a sami nas-nas da yawa, da sauri, kuma waɗanda suka ƙware? Yau zan ba ku labarin dabarar da mutanen Amurka suka yi. Suna koya wa mutum aikin jinya a wata irin makaranta da ke kusa da gidansa, su ba shi ƙaramin digiri, watau digirin shekara biyu. Za mu ga yadda abin ya samo asali, da yadda a ke karatun, da wahalarsa, da amfaninsa, da kuma gardamar da a ke yi a kansa har yau.

MASU AIKIN JINYA IRI UKU NE

Ba duk wanda kuka gani da rigar asibiti ne cikakken nas ba. A Amurka hawa uku ne.

Na farko shi ne mataimakin nas. Shi ke yi wa majiyyaci wanka, ya ba shi abinci, ya juya shi a gado. Koyonsa na 'yan makonni ne. Dokar tarayya ta ce wanda zai yi wannan aiki a gidan kula da tsofaffi kada horonsa ya kasa awa 75.

Na biyu shi ne ƙaramin nas. Karatunsa wajen shekara ɗaya ne. Yana ba da waɗansu magunguna, amma a ƙarƙashin wani ya ke aiki.

Na uku shi ne nas mai rajista, watau cikakken nas wanda hukumar jiharsa ta rubuta sunansa, ta ba shi lasin. Shi ne wanda mu ke magana a kansa. Yawancinsu mata ne, amma akwai maza, wajen ɗaya cikin goma. Don haka in kun ji na ce "ita", ku sani har da maza na ke nufi.

Hanya uku ke kai mutum ga wannan matsayi. Akwai makarantar asibiti, wadda yanzu ta yi ƙaranci ƙwarai. Akwai jami'a, inda a ke shekara huɗu. Akwai kuma kwalejin gari, inda a ke shekara biyu. Hanya uku, amma ƙofa ɗaya, domin duka jarrabawa ɗaya su ke ɗauka a ƙarshe.

ASALIN ABIN

A shekarar 1860 wata Baturiyar Ingila, Florence Nightingale, ta buɗe makarantar koyon jinya a wani asibiti a birnin Landan. Mutanen Amurka suka ga tsarin ya yi kyau, suka ɗauka. A 1873 aka buɗe irinta a asibitin Bellevue na birnin Niyok. Daga nan asibitoci da yawa suka buɗe nasu.

Amma tsarin yana da aibi. Yarinya ta kan yi shekara uku tana zaune a gidan da asibiti ya ba ta. Yawancin makarantun ba su karɓar matar aure, ba su karɓar namiji. Kuma aiki ya fi karatu yawa, domin asibiti ya sami ma'aikata masu araha. Abin ya zama kamar yaron maƙeri wanda ya shekara uku yana zuga, ba a taɓa barinsa ya riƙe masaba ba.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Nas-nas da yawa suka bi soja, asibitocin gida suka rasa ma'aikata. A 1943 gwamnati ta kafa wata ƙungiya ta horad da 'yammata a gaggauce, tana biya musu kuɗin makaranta. Kafin 1948 fiye da 120,000 sun gama. Wannan ya nuna wa mutane abu ɗaya: in an rage aikin banza, an tsara karatu da kyau, ana iya gajarta lokaci.

Yaƙi ya ƙare, amma ƙarancin nas bai ƙare ba. An giggina sababbin asibitoci, an sami sababbin magunguna, majiyyata sun ƙaru. A nan ne wata malama, Mildred Montag, ta kawo shawara. Ita kanta nas ce, tana karatu a Jami'ar Kolombiya da ke Niyok. A littafinta da ya fito a 1951 ta ce a fitar da koyon jinya daga hannun asibiti, a kai shi kwalejin gari, a yi shi cikin shekara biyu. Ɗaliba ta je asibiti don ta koya, ba don ta yi wa asibiti bauta ba.

Mutane da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Sai aka ce a gwada, tun da gani ya kori ji. A 1952 aka soma gwaji, kwalejoji bakwai da makarantar asibiti ɗaya suka shiga. Aka yi shekara biyar ana lura. Da aka duba, sai aka tarar ɗaliban shekara biyu suna cin jarrabawar lasin, kuma shugabanninsu a asibiti sun yaba da aikinsu. Aka kuma ga wani abin da ya fi wannan daɗi. Waɗanda dā ba su da hanya sun samu: matan aure, da zawarawa, da masu 'ya'ya, da maza, da talakawan da ba su iya barin garinsu.

Wajen ƙarshen shekarun 1950 gidauniyar Kellogg ta ba da kuɗi don a yaɗa tsarin a jihohi huɗu: Kalifoniya, da Fulorida, da Niyok, da Tekzas. Daga nan ya bazu ko'ina. Yau makarantun da ke ba da wannan digiri sun kai wajen 1,000. Malama Montag ta rayu ta ga abin da ta shuka, ba ta rasu ba sai 2004.

MENE NE KWALEJIN GARI?

Makaranta ce ta gaba da sakandare, wadda a ke riƙe ta da harajin jiha da na yankin da ta ke. Ta farko irinta ta gwamnati ita ce ta garin Joliet, kusa da Shikago, an buɗe ta a 1901. Yawancinsu ba su da ɗakin kwanan ɗalibai. Mutum ya taso daga gidansa, ya yi karatu, ya koma. Akwai ajin safe, akwai na dare, akwai na ƙarshen mako. Ana koyon walda, da gyaran mota, da aikin akawu, da aikin jinya, duk a wuri ɗaya.

In ka leƙa aji za ka ga yaro ɗan shekara 18 zaune kusa da uwa mai shekara 40. Ba mai yi wa wani dariya. Su ma can sun yarda gemu ba ya hana ilmi. Har wanda bai gama sakandare ba yana da hanya. Akwai wata jarrabawa da a ke kira GED, wadda aka ƙago a 1942 saboda soja. Baligi ya yi karatu ya ci ta, sai ta tsaya masa a madadin takardar sakandare.

KAFIN A SHIGA

Ga wani abu da ya kamata ku gane. Shiga kwalejin gari ba wuya, amma shiga ajin jinya da wuya. Masu nema sun fi kujeru yawa. Dalili kuwa shi ne malaman jinya ba su da yawa, kuma asibiti ba ya iya karɓar ɗalibai barkatai. Malama ɗaya ba ta iya sa ido a kan ɗalibai 30 a gefen gadon majiyyata. Yawanci takwas ne ko goma.

Saboda haka tilas mutum ya fara cin waɗansu darussa tukuna. Akwai ilmin sassan jiki da yadda su ke aiki. A nan zai haddace ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, ya san ɗakuna huɗu na zuciya, ya san aikin hanta da ƙoda da huhu. Akwai ilmin ƙwayoyin cuta, inda zai duba su da idonsa ta madubin likita. Akwai lissafi, da Turanci, da ilmin halayyar ɗan Adam. Makarantu da yawa kuma suna da jarrabawar shiga.

Waɗannan darussa su kan ci shekara guda, wani lokaci fiye. Don haka in an ce shekara biyu, mai hankali ya shirya wa uku. Wanda makinsa ya yi ƙasa sai ya jira wata shekara.

Ko an ɗauke shi, da saura. Sai ya kawo shaidar allurar rigakafi, a gwada shi a ga ba shi da tarin fuka. Sai a bincika ko ya taɓa yin babban laifi, a gwada fitsarinsa a ga ko yana shan ƙwaya. Sai ya koyi yadda a ke danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Duk wannan don me? Don za a ba shi amanar mutanen da ba su iya kare kansu.

CIKIN AJI DA GEFEN GADO

Karatun jinya kansa zango huɗu ne, kowane zango wajen wata huɗu. Wuri uku a ke yinsa: aji, da ɗakin gwaji, da asibiti.

A zangon farko a ke kafa tushe. Abin da a ke fara koya shi ne wanke hannu. Kada ku yi dariya. Hannun ma'aikaci shi ne babbar hanyar da cuta ke bi daga wannan gado zuwa wancan. Sa'an nan a koyi awo. Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Yana numfashi sau 12 zuwa 20. Zafin jikinsa wajen digiri 37 ne. Ɗaliba sai ta san waɗannan kamar sunanta, domin wanda bai san daidai ba ba zai gane karkatacce ba.

A ɗakin gwaji akwai mutum-mutumi na roba kwance a gado. Waɗansunsu suna numfashi, suna tari, har suna nishi, malama na juya su da kwamfuta daga wani ɗaki. A jikinsu a ke koyon allura da sa robar fitsari. In ɗaliba ta yi kuskure, roba ce ta sha wuya, ba ɗan wani ba. Sai malama ta gani da idonta hannun ɗaliba ya faɗa, sa'an nan a bar ta ta taɓa mutum.

Daga nan sai asibiti, kwana ɗaya ko biyu a mako. A kan fara tun da asuba, wani lokaci a yi awa 12 a tsaye. Ana zagayawa da su sashe sashe: ɗakin manya masu ciwon sukari da hawan jini, ɗakin waɗanda aka yi wa fiɗa, ɗakin haihuwa, ɗakin yara, ɗakin masu taɓin hankali, da gidan tsofaffi. Ba a biyansu ko kwabo, domin koyo suka zo.

Yanzu ku matso, ga wurin da ya fi kowane muhimmanci, watau ba da magani. Ana koya musu tambaya biyar da za su yi wa kansu kafin su miƙa ko ƙwaya ɗaya. Wannan ne majiyyacin? Wannan ne maganin? Wannan ne adadin? Ta wannan hanya aka ce a ba shi, ta baki ko ta allura? Yanzu ne lokacin? In ɗaya ta kuskure, sauran huɗun ba su da amfani.

Adadi kuwa lissafi ne. Ku ɗauko fensir, mu gwada tare.

Likita ya rubuta a ba majiyyaci miligiram 500. Ƙwayar da ke cikin kwalba kowace miligiram 250 ce. Ƙwaya nawa za a ba shi? Madalla, biyu.

Ga na biyu. Maganin yara bisa nauyinsu a ke ba da shi. An ce miligiram 10 ga kowane kilo ɗaya. Yaron yana da kilo 20. Nawa ke nan? 10 sau 20, watau miligiram 200.

Ga na uku. An ɗaura ƙarin ruwa mililita 1,000, an ce ya shiga cikin awa 8. Nawa zai shiga kowace awa? A raba 1,000 gida 8, ya ba da 125.

Kun gani, lissafin bai fi ƙarfinku ba. Amma ku dubi wannan. In an rubuta 1.0, ɗigon nan da ke tsakiya bai fito sosai ba, mai gaggawa sai ya karanta 10. Ya ba jariri ninki goma na abin da aka ce. Ɗigo ɗaya, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya isa ya raba uwa da ɗanta. Shi ya sa a ke hana rubuta sifiri bayan ɗigo a irin wannan wuri. Shi ya sa kuma makarantu da yawa ba su yarda da ƙasa da kashi 90 cikin 100 a jarrabawar lissafin magani ba. A sauran darussan jinya ma makin ci ya kan kai wajen 75. A makarantu da yawa wanda ya faɗi sau biyu sai a sallame shi.

WAHALAR DA KE CIKI

Bari mu yi misali. A ce ga wata mata mai shekara 30, da 'ya'ya biyu. Mataimakiyar nas ce a gidan tsofaffi, albashinta bai taka kara ya karya ba. Ta shekara biyu tana cin darussan share fage da dare, ɗaya bayan ɗaya. Yanzu an ɗauke ta.

Litinin da Talata tana aji. Laraba da Alhamis tana asibiti tun kafin gari ya waye. Asabar da Lahadi tana wurin aikinta, domin kuɗin haya ba ya jira. Karatu kuwa sai yara sun yi barci. In yaro ya kwana da zazzaɓi ranar zuwa asibiti, ta shiga uku, domin ba a yarda da fashi ba sai kaɗan. In motarta ta lalace, haka. In ta sami 73 inda a ke neman 75, sai ta maimaita darasin, wani lokaci ta jira shekara kafin a sami kujera.

Ba kowa ke kai ƙarshe ba. Waɗanda ke faɗuwa a hanya, sau da yawa ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Lokaci suka rasa, da kuɗi, da mai riƙe musu yara. Waɗanda ke kaiwa kuwa, in ka bincika, za ka tarar da wani a bayansu: uwa, ko miji, ko maƙwabciya, ko 'yan aji da ke haɗuwa suna yi wa juna tambayoyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranar gamawa a kan yi ɗan biki. A maƙala wa kowa lambar makaranta a ƙirji, a wurare da yawa a kunna fitila don tunawa da Nightingale, wadda ta riƙa zagaya sojoji masu rauni da fitila cikin dare. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

BATUN KUƊI

Wani zai ce, me ya sa ba za ta tafi jami'a ba? Amsa ita ce kuɗi da lokaci. A shekarar 2023 kuɗin kwalejin gari ga ɗan yankin wajen dala 4,000 ne a shekara, in an yi tsaka-tsaki. Jami'ar gwamnati kuwa ga ɗan jiha wajen dala 11,000. Ga shi wannan shekara biyu, waccan huɗu. Bayan haka akwai kuɗin littattafai, da riguna, da takalma, da abin sauraren ƙirji.

Gwamnatin tarayya tana taimakon talakawan ƙasar da wata kyauta da a ke kira Pell, wadda ba a biya. A 2024 iyakarta dala 7,395 ce a shekara. Waɗansu asibitoci kuma su kan biya wa ma'aikacinsu, bisa sharaɗin zai yi musu aiki in ya gama.

Riba fa? Bisa lissafin gwamnati na 2023, rabin nas-nas masu rajista suna samun fiye da dala 86,000 a shekara, rabi ƙasa da haka. Kada wannan ya ruɗe ku. Sabuwar nas ba daga nan ta ke farawa ba, kuma haraji da haya da abinci a can suna da tsada ƙwarai. Amma ga matar nan ta misalinmu, albashinta zai iya ninkawa. Wannan shi ne bambanci tsakanin gidan da ke cin bashi kowane wata da gidan da ke ajiya.

BABBAR JARRABAWA

Digiri kaɗai ba ya sa a kira mutum nas. Sai ya ci jarrabawar ƙasa da a ke kira NCLEX. Tun 1994 a kwamfuta a ke yinta, kuma tana da wayo. In ka amsa daidai, ta kawo maka tambaya mai wuya. In ka kuskure, ta kawo mai sauƙi. Haka za ta yi ta auna ka, kamar mai awon hatsi yana ƙarawa yana ragewa, har ta tabbata ka kai ko ba ka kai ba. Sa'an nan ta tsaya. A 2023 aka sake tsarinta: tambaya 85 ce mafi ƙaranci, 150 mafi yawa, lokaci kuwa awa biyar.

Ba hadda kaɗai ta ke nema ba, hankali ta ke nema. Za a ce ga majiyyata huɗu, kowa na kira, wa za ka fara zuwa wurinsa? Mai ihu saboda zafin ƙafa, ko wanda ya yi shiru numfashinsa na sarƙewa? Nas ta gari ta san mai ihu yana da numfashi. Wurin mai shirun za ta fara zuwa.

Wanda ya ci, hukumar jinya ta jiharsa ta ba shi lasin. Wanda ya faɗi ya jira wajen wata ɗaya da rabi, ya sake biya, ya sake gwadawa.

GARDAMAR DA BA TA ƘARE BA

Gaskiya ita ce ba kowa ya yarda da wannan gajeriyar hanya ba. Ita Montag kanta ta so mai shekara biyu ta yi aiki a ƙarƙashin mai shekara huɗu. Amma da ya ke lasin ɗaya a ke ba su, asibitoci suka riƙa ba su aiki ɗaya.

A 1965 babbar ƙungiyar nas-nas ta Amurka ta ce kamata ya yi cikakken nas ya zama mai digirin jami'a. Jihar Dakota ta Arewa ta mai da wannan doka a 1987, amma ta soke ta a 2003. A wannan shekara ta 2003 kuma wata malama, Linda Aiken, da abokan aikinta suka fito da binciken asibitoci 168 na jihar Pensilbaniya. Suka tarar inda masu digirin jami'a suka fi yawa, waɗanda aka yi wa fiɗa sun fi tsira. In masu digirin sun ƙaru da kashi 10 cikin 100, haɗarin mutuwa ya kan ragu da wajen kashi 5 cikin 100. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2017 jihar Niyok ta yi doka: sabuwar nas mai ƙaramin digiri tilas ta sami babban cikin shekara goma.

Masu goyon bayan kwalejin gari su ma suna da hujja. Suka ce, ku dubi ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Wanda ya tafi babban birni ya shekara huɗu, da wuya ya komo. Amma wadda ta yi karatu a garinsu, mijinta na nan, iyayenta na nan, a nan za ta zauna ta yi wa mutanenta aiki. In an rufe wannan hanya, asibitin ƙauye zai rasa nas gaba ɗaya, talaka kuma ya rasa tsani.

To, wa ke da gaskiya? A ganina duka biyu. Ƙarin ilmi yana ceton rai, rashin nas kuma yana kashewa. Abin da mutane da yawa ke yi yanzu shi ne su hau tsanin hawa hawa. Su yi shekara biyu, su sami lasin, su kama aiki. Sa'an nan suna aiki suna ƙarasa babban digiri cikin shekara ɗaya ko biyu, yawanci ta intanet. Sannu ba ta hana zuwa.

GARGAƊI

Kafin in rufe, ga gargaɗi biyu.

Na farko. A watan Janairu na 2023 hukumomin Amurka suka kama waɗansu mutane da ke sayar da takardun jinya na jabu daga makarantu uku a jihar Fulorida. Fiye da takarda 7,600 suka sayar, kowace wajen dala 15,000. Masu saye ba su zauna a aji ba, ba su tsaya a gefen gado ba. Da asiri ya tonu, aka kai masu sayarwa kotu, jihohi kuma suka bi masu saye suna karɓe lasin. Kuɗi ya tafi, aiki ya tafi, mutunci ya tafi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Makarantar gaskiya ita ce wadda hukumar jinya ta jihar ta amince da ita, kuma sunanta na cikin jerin da hukumar ke bugawa.

Na biyu ya shafe mu. Wataƙila wata rana wani ya zo muku da daɗin baki, ya ce ku sayar da gona ya kai ɗanku Amurka koyon jinya. Ku yi hattara. Baƙo yana biyan kuɗin makaranta fiye da ɗan gari, sau biyu ko uku. Ba a ba shi kyautar Pell. Kafin a ba shi bizar karatu sai ya nuna yana da kuɗin da zai riƙe kansa, ya kuma ci jarrabawar Turanci. A shekararsa ta farko ta karatu ba a yarda ya yi aiki ba sai a cikin makaranta, shi ma kada ya wuce awa 20 a mako. Kuma kwalejoji da yawa 'yan yankinsu su ke fara ba kujerar jinya. Wanda ke da ɗa ko 'ya mai sha'awar wannan aiki, akwai makarantun jinya da na ungozoma a jihohinmu. Ya fara tambaya a nan.

Jama'a, abin da na ke so ku tafi da shi gida shi ne wannan. Mutanen nan sun rasa nas, ba su zauna suna kuka ba. Sun kawo makaranta kusa da gida, sun rage kuɗi, sun buɗe ƙofa ga manya da masu iyali. Amma abu ɗaya ne ba su rage ba, watau awon da a ke yi wa mutum kafin a ba shi amanar rai. Gobe in kun je asibiti kun ga nas ta tsaya tana sake karanta takarda, tana sake tambayar sunan majiyyaci, kada ku ce tana ɓata muku lokaci. Tambayoyin nan biyar ta ke yi wa kanta. Ku ba ta amsa da kyau, ku kuma gode mata.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya ba mu lafiya, ya kai kowa gida lafiya.